Neman Bahago a Misfala

Warin daddawa ne ya fara fita da jami'ar kwastan ta zuge akwatin kakata a filin jirgin Jidda. Wuri ne mai sanyi, ko'ina gilashi, ko'ina ƙamshin turare, sai ga warin madafar gidanmu ta Kano ya tashi a tsakiyarsa. Har yau in na ji ana dakan daddawa sai in tuna ranar.

Shekara biyu ke nan da dawowarmu daga Umara, ƙawayena ba su daina tambayata ba. "Bilkisu, wai yaya Makka take?" In na ce alhamdu lillahi, sai su ce ba wannan suke tambaya ba. Na yi ta kaucewa saboda labarin ba nawa ba ne ni kaɗai. Yanzu Iya ta riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙanta, zan iya rubuta shi.

Iya mahaifiyar babana ce, sunanta Hauwa'u. Tana yarinya iyayenta suka ɗauke ta suka nufi Makka ta ƙasa, kamar yadda mutanen da suke yi. Sun kai har Sawakin, wani gari a gaɓar Bahar Maliya cikin ƙasar Sudan, inda alhazai ke jiran jirgin ruwa zuwa Jidda. A can aka haifi ƙanenta Usman, a can kuma mahaifinsu ya rasu. Baffanta da ke dawowa gida ya taho da ita tana shekara goma, uwar da jaririn suka zauna. Ta je har bakin teku ta juyo, ba ta ga Ka'aba ba, ba ta sake ganin uwarta ba. Bayan shekaru masu yawa wani alhaji ya kawo mata hoton da ya yanko daga jarida: 'yan ƙwallo a jere, na biyu daga hagu a tsugune. Ya ce wannan ɗan Hajara ne, wato ƙanenta Usman, ana ce masa Bahago, ya yi suna a Sudan har wani kulob na Saudiyya ya ɗauke shi. Daga baya aka ce yana zaune a unguwar Misfala ta Makka. Iyakar abin da muka sani ke nan.

Saura mako guda mu tashi, ina shafa mata man zafi a gwiwa, ta gaya mini abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ita ke goyon Usman. Wata rana ta hau wani rusasshen bango da shi a bayanta don ta hango jiragen ruwa, majanyi ya kwance, yaron ya faɗo, ƙafarsa ta dama ta bugi dutse. Tsoron duka ya hana ta faɗa. Ta ce wa uwarsu haka kawai ya fara kuka. Mutanen Sawakin kuwa sun yarda garinsu na aljanu ne, don haka aka kai yaro wurin malamai aka yi ta tofi da hayaƙi. Ba wanda ya kira maɗori. Ƙashin ya haɗe a karkace. Kafin ta bar garin ta gan shi ya fara tafiya yana jan ƙafar.

"Da na buɗe baki ranar, da an ɗora shi," in ji ta. "Ba na son in shiga kabari da wannan, Balki. In yana da rai, ki kai ni gabansa in roƙe shi gafara."

Kwana shida aka ba ayarinmu a Makka. Ranar Alhamis da hantsi motar Madina za ta tashi, daga can sai gida. Likita kuma ya riga ya gaya wa babana cewa zuciyar Iya ba za ta ɗauki tafiya irin wannan sau biyu ba.

A Kano jagoran ayarinmu ya yi ta nanatawa: ban da goro, ban da karɓar saƙon kowa. Ni na haɗa akwatin Iya da hannuna. Ashe da na fita alwala ta buɗe ta yi nata ƙarin. Jami'ar nan ta Jidda ta ɗaga ƙullin farko, daddawa. Na biyu garin kuka, kore shar, ta shinshina ta dube ni. Na uku a naɗe cikin ganye mai laima, goro ne fari ƙwaya bakwai. Ta kira wata, waccan ta karɓi fasfonmu ta shige wani ɗaki da su. Sauran ayari suka wuce suna waigenmu.

Na karanta Larabci har jami'a, amma a tsaye a wurin harshena ya yi nauyi. Na haɗa jimla irin ta littafi na ce tsohuwa ce, tsaraba ce ta kawo wa ɗan'uwanta da ta rabu da shi fiye da shekara sittin. Jami'ar ta yi murmushi kaɗan, ta ce wa abokiyarta ina magana kamar mai karanta labarai a talabijin. Iya kuwa tana zaune a kekenta na guragu tana tambayata da ƙarfi, "Me take cewa? Ki gaya mata ba a zuwa neman gafara hannu rabbana!"

"Iya, don Allah ki yi shiru."

"To, 'yar boko. Na yi."

Mun kusa awa guda a wurin. A ƙarshe suka jefa goron a kwandon shara, suka maido mana da kuka da daddawa da fasfo, suka gargaɗe mu. Iya ta bi goron da kallo har aka tura kekenta ya sha kwana.

Hanyar Jidda zuwa Makka shimfiɗaɗɗiya ce, duwatsu baƙaƙe dama da hagu, ba itace ba gona. Mata na ta talbiyya a cikin mota. Iya ba ta ce komai ba sai da muka shiga masallaci ta ɗaga ido ta ga Ɗakin Allah. Ta riƙe hannuna ta ce, "Inna, na iso." Da uwarta take. Na tura ta muka yi ɗawafi, muka yi Safa da Marwa, na yanke mata 'yar furfura daga ƙarshen kitsonta.

Masaukinmu a Aziziyya yake, hawa na tara, mu huɗu a ɗaki. Iya ta ƙi jinin na'urar sanyaya ɗaki, ta ce kamar an kwantar da ita a cikin randa. Da safe ana kawo wani faffaɗan burodi mai zafi da suke kira tamis, da dafaffen wake da man zaitun, da rana shinkafa da kaza mai ƙamshin kanumfari. Ni na ji daɗinsu. Iya ta ɗanɗana ta ture, ta ce shinkafar da ba ta da miya ai ba a gama dafa ta ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sallar gawa. A gida sai ka ji an yi rasuwa sannan ka je jana'iza. A can kusan bayan kowace salla ladan zai yi shela a sallaci mamata, ba suna, ba unguwa. Duk lokacin da muryar ta tashi sai Iya ta damƙe tsintsiyar hannuna.

"In shi ne fa, Balki?"

"Ba shi ba ne, Iya."

"Ina kika sani?"

Ban sani ba. Muka yi ta sallatar mutanen da ba mu sani ba, kowanne muna tsoron namu ne.

Ranar Lahadi muka fara shiga Misfala. Tana kudu da masallaci, bayan manyan otal-otal, inda tituna ke ƙanƙancewa su fara hawa dutse. Nan na fara jin Hausa tana fitowa daga bakin mutanen da ba su taɓa ganin Kano ba, rabinta Larabci, wani ma ya fara da ita ya ƙare da wancan. Na ga tsire, amma sunansa siriye a wurinsu. Na ji daɗi, na ce aikinmu ya zo da sauƙi.

Ni a ganina na yi shiri mai kyau. Tun a gida na sa an faɗaɗa hoton jaridar, na zagaye fuskar Usman da jan biro, na saka a fayil. Ina rataye da katin ayari a wuya, ina riƙe da ƙaramin littafin da nake rubuta waƙoƙina, don in wani ya ba ni kwatance in rubuta. Na tsaya a shagon wani tela na yi sallama, na buɗe fayil.

"Baba, ko ka san wannan mutumin? Bahago ake ce masa."

Ya dubi hoton, ya dubi jan biron, ya dubi littafin. Keken ɗinkinsa ya tsaya.

"Wallahi ma a'arif, ban san shi ba."

Haka mai wanki ya ce, haka mai siriye. Wani dattijo da na ga idonsa ya tsaya a kan hoton fiye da ƙima ya ce shi baƙo ne, alhali yana zaune a ƙofar gida ba takalmi. Kafin mu kai ƙarshen layin na lura shiru na riga mu isa. Matan da ke talla a ƙasa suka fara naɗe kayansu. Wani ya ja ƙofar shagonsa rabi. Ina tura keken Iya ina jin idanu a bayana.

Litinin muka koma, na ƙara ƙwazo, abin ya ƙara lalacewa. Har rubuta lambobin gidajen da na riga na tambaya na riƙa yi don kada in maimaita. A wani lungu wata mata ƙaƙƙarfa, baƙar abaya a jikinta da ludayi a hannu, ta fito ta tare mu.

"Ke, ya binti. Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa, Hajiya. Ɗan'uwanmu muke nema."

"Ɗan'uwa da fayil? Kwana biyu kina rubuta lambar gidajen mutane. Jiya saboda ke wata ba ta bar 'ya'yanta sun leƙa waje ba. Ki ɗauki tsohuwarki ku koma inda kuka fito, khalas, shi ke nan."

Sai a lokacin na gane. A unguwar akwai waɗanda kakanninsu suka zama 'yan ƙasa tun da daɗewa, akwai masu takardar zama, akwai kuma waɗanda tasu ta ƙare ko ba su taɓa samu ba, dukkansu maƙwabta ne, wasu ma surukai. Baƙuwa mai kati a wuya da hoto mai jan zagaye ba ta yi musu kama da mai neman dangi ba. A Kano in ka tambayi gidan mutum har ƙofa za a raka ka. A nan rufa wa maƙwabci asiri shi ne a ce ba a san shi ba.

Da yammar ranar ƙafafun Iya suka kumbura, numfashinta ya riƙa sama-sama. Na ba ta maganinta na zauna a gefen gado ina kuka a hankali, don na san ni na rufe mana ƙofa. Saura kwana biyu.

Talata da safe ta tashi ta ɗaura ɗankwali da kanta. Ta ce, "Ajiye takardun nan. Cire wannan abin na wuyanki ki sa a jaka. Ɗauko mini daddawata."

"Iya, jikinki..."

"Kin yi naki na boko, bari in yi nawa."

Ta sa na kai ta daidai ƙofar matar da ta kore mu. Sunanta Hajiya Kubura, iyayenta ta Chadi suka zo, tana sayar da tuwo da masa a wani ɗaki bayan labule. Iya ta yi sallama, ta ce yunwa ta kawo ta, kwana huɗu ba ta ci abincin kirki ba. Hajiya Kubura ta harare ni, amma ba ta iya korar tsohuwa mai jin yunwa ba. Ta zuba mata tuwon shinkafa da miyar kuɓewa. Iya ta ci, ta yaba, sannan ta ce miyar ta yi, abu ɗaya ta rasa. Ta kwance ƙullin daddawa ta miƙa mata. Matar ta kai hanci, ta rufe ido.

"Ta kalwa ce? Ta gaske?"

"Da hannuna na zaɓo."

Suka shiga hira. Iya ba ta tambayi kowa ba, ba ta ambaci ƙwallo ba. Kanta ta yi ta faɗa: sunan ubanta, unguwarsu a Kano, garuruwan da suka yada zango a hanya, bukkarsu a Sawakin kusa da masu jima, sunan uwarta Hajara mai ƙosai, da ƙanenta da ta goya. Ni ina gefe kamar in fashe, ina kallon agogo. Da aka kira azahar Iya ta ce mu tafi. Hajiya Kubura ta raka mu bakin labule ta ce, ba tare da ta dube mu ba, "A nan ba a nuna gidan mutum, ya Hajja. Sai dai a kai masa labarinka, in ya so ya aiko. Gobe da hantsi ina da masa."

Laraba ita ce ranarmu ta ƙarshe. Muka zauna a bayan labulen nan tun hantsi. Masa ta huce a gabana. Aka yi azahar, muka ji shelar sallar gawa daga nesa, Iya ta damƙe hannuna har farcenta ya shiga. Sai gab da la'asar wata mata ta ɗaga labule ta shigo, za ta kai shekara arba'in, da tabarau, da jakar ma'aikata a kafaɗa. Ba ta zauna ba. Hausarta a tsinke take, tana cike giɓin da Larabci.

"Ni Mariya, 'yar Usman. Ki yi haƙuri, ya Hajja, mutane da yawa sun zo sun ce su dangin Baba ne, tun yana wasa. Sunan kakata duk Sawakin an sani. Ki gaya mini abin da ba a sani ba."

Iya ta dube ta tun daga goshi har haɓa.

"Ƙafarsa ta dama. Gefenta ya lanƙwashe ciki, ƙaramin yatsa ya hau kan na kusa da shi. An ce aljanu ne. Ba aljanu ba ne, 'yata. Ni na yar da shi."

Daga baya Mariya ta ce mana ubanta ko a gida ba ya zama ba safa, ko abokan wasansa ba su san siffar ƙafar ba. Ta fita da waya a kunne, ta daɗe. Da ta dawo ta durƙusa ta sumbaci kan Iya, ta ce, "Tafaddali, bismilla, ya Amma, gwaggona. Yana jiranki."

Gidan a hawa na biyu yake, ba lif. Ni da Mariya muka tallafi Iya, muna hutawa a kowace matakala. A bakin ƙofa ta ce mu dakata, ta shiga, ta fito daga falon da wani abu dogo a naɗe cikin darduma, ta wuce da shi ciki. Sannan ta ce mu shigo.

Yana tsaye a tsakiyar falo. Dogo, siriri, farar jallabiya, gemu fari, farar safa. Fuskar babana ce sak, sai dai ta sha rana. Suka tsaya suna kallon juna, ba wanda ya san abin da zai yi da hannuwansa. Shi ya fara magana, da wata tsohuwar Hausa da ya koya a bakin uwarsa.

"Yaya Hauwa? Ke ce kika tsufa haka?"

"Kai ma ai ba goyo ba ne yanzu."

Suka yi dariya, dariyar ta juye kuka. A nan mutane na rungumar juna su sumbaci goshi, mu kuwa a gida ɗan'uwa sai dai a gaisa daga zaune. Iya ta rasa wanne za ta yi, sai kawai ta kama gefen rigarsa ta riƙe.

Aka kawo shayi mai na'ana'a da dabino. Ya dube ni ya ce, "Wannan ce amaryar da kika kawo mini? Ita ce mai fayil ɗin da ta tayar da unguwa?" Na rufe fuska da mayafi. Ya ce tela ya aiko masa tun Lahadi cewa ya yi hankali, ana nemansa da jan biro.

Iya ta tambayi uwarsu. Ya ce ta yi tsawon rai. Da ya samu kulob a nan ya ɗauko ta, ta yi aikin Hajji, a Makka ta rasu, a nan aka binne ta. Ya ce kullum in ta soya ƙosai sai ta ware guda uku a gefe ta ce na Hauwa ne, ta ba wa 'yar maƙwabta.

Sannan ya ba mu labarin garinsu. Ya ce Sawakin tsibiri ne ƙarami, zagayayye kamar faifai, da siririyar hanya da ta haɗa shi da tudu. Gidajensa da dutsen murjani aka gina su, wanda ake haƙowa daga cikin teku, hawa biyu hawa uku, da tagogin katako masu ado. Turkawa sun mulke shi, fatake daga Indiya da Yaman sun zauna a cikinsa, alhazan ƙasashenmu duk ta nan suke haurawa. Da Turawa suka gina sabuwar tashar jiragen ruwa a arewa, wadda ake kira Bur Sudan, sai attajirai suka kulle gidajensu suka koma can. Dutsen murjani kuwa in ba a shafe shi da farar ƙasa, iskar gishiri cinye shi take yi. Ya ce yana yaro sukan ji gida ya zube da tsakar rana ba wanda ya taɓa shi. Kyanwoyi suka gaje garin, manya-manya, ba sa tsoron mutum, shi ya sa ake cewa aljanu ne.

"A cikin kufan nan na koyi ƙwallo," in ji shi. "Ƙofar gidan wani attajiri ita ce ragarmu. In ka buga da ƙarfi bango ya zubo, an tashi wasa. Dole ka koyi saka ta a hankali, daidai inda kake so."

Daga nan ya bi masu dako zuwa Bur Sudan, yana sauke buhuna da safe yana wasa da yamma a ƙungiyar ma'aikatan tasha. Wani koci daga Khartum ya gan shi ya tafi da shi. Lamba goma sha ɗaya, gefen hagu. Ya nuna mana hotuna a bango, da wani ƙaramin kofi da ya dusashe. Ya ce akwai ranar da ya yi bugun kusurwa, ƙwallo ta lanƙwasa ta shige raga ba wanda ya taɓa ta, har mai tsaron gidan ya zo ya duba takalminsa. Yana ba da labarin yana zana hanyar ƙwallon da yatsa a iska. Bayan kulob ɗin Saudiyya ya yi shekaru yana horar da matasan unguwa, shi ya sa ba wanda zai nuna gidansa ga mai jan biro.

Aka kira magariba ba da daɗewa ba, lokaci na tafiya, Iya ba ta faɗi abin da ya kawo ta ba. Na taɓa gwiwarta. Ta zame daga kujera ta sauka ƙasa, abin da ta yi shekaru ba ta iya yi ba.

"Usman, cire safar nan."

"Haba, Yaya."

"Cire."

Ya cire. Ƙafar kamar yadda ta faɗa take, har ta fi haka. Iya ta ɗauke ta da hannu biyu ta ɗora a cinyarta, ta faɗi komai: bangon, majanyin, ƙaryar da ta yi, maɗorin da ba a kira ba. Ta ce ta kawo masa goro an karɓe a Jidda, ba ta da abin da za ta ba shi sai bakinta. "Ka yafe mini don Allah, kada ka riƙe ni ranar gobe."

Ya dubi ƙafar, ya dubi kanta da ke sunkuye, sannan ya ƙyalƙyale da dariya.

"Wannan ce ta hana ki barci shekara sittin? Yaya, ƙafar nan ko sau ɗaya ba ta taɓa yi mini ciwo ba. Muninta kawai nake ɓoyewa. Ita ke tsayawa, ta hagu na aiki. Ba abin da kika yi mini. In ma akwai, na yafe duniya da lahira."

"Ka rantse ba ta ciwo?"

"Ke dai tashi ki gani."

Bai rantse ba, ya miƙe ne. Ya taka daga bango zuwa bango, ya juya a kan ƙafar, har ya ɗan yi kamar zai buga ƙwallo. Iya ta yi dariya hawaye na zuba. Na waiga na ga Mariya ta juya baya tana gyara kofunan da ba su buƙatar gyara.

Da za mu tafi ya ce sai ya raka yayarsa. Ya sauka matakalar nan da kansa, ya karɓi keken daga hannuna ya tura ta har bakin titi, yana gaisawa da tela da mai siriye, yana cewa, "Ga yayata daga Kano." Gumi ya jiƙe masa goshi, na ɗauka zafin gari ne. Ya tsaya a miƙe yana ɗaga hannu har motarmu ta sha kwana.

Washegari a motar Madina Iya ta yi barci tun daga fitarmu Makka, kanta a kafaɗata, bakinta a ɗan buɗe kamar yarinya. Ta ci shinkafar da ba ta da miya a hanya ba ta ce komai ba. Bayan mun dawo gida ta rayu shekara ɗaya da wata bakwai, duk wanda ya zo gaishe ta sai ta ba shi labarin ƙwallon da ta lanƙwasa ta shige raga, ita da ba ta taɓa kallon wasa ba.

Ranar addu'ar bakwai ɗinta Mariya ta kira ni ta yi ta'aziyya. Muka yi kuka, sannan ta ce akwai abin da ubanta ya hana ta faɗa muddin Iya na da rai. Ƙafar nan ba ta taɓa barinsa ya huta ba. Da allura yake shiga fili. Yana kan ganiyarsa wani babban kulob na Masar ya neme shi, likitansu ya ɗauki hoton ƙashin, suka mayar da shi gida a jirgin washegari. Ita ta sa ya bar wasa da wuri. Shekara goma sha biyu ke nan ba ya zuwa ko masallacin layinsu sai da sanda. Sandar ce ta naɗe a darduma ta fitar a gabanmu, shi ya ce ta ɓoye tun da ta gaya masa maganar Iya a waya. Bayan motarmu ta sha kwana, tela da mai siriye ne suka ɗauke shi suka hau da shi sama, ya yi kwana tara bai taka ƙasa ba.